Jirgin Mutum Nawa?

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Mazni ta kore ni daga asibiti. Ba da faɗa ba, da murmushi, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Ta kira ni yadda matan nan ke kiran mazajensu, ta ce, "Abang, don girman Allah tashi ka je ka ga jirage. Tun safe kake kallona kamar na zo shagonka na kasa karanta layin ƙasa na allon gwajin ido." Shekara ashirin ina gwada wa mutanen Kuala Terengganu tabarau, sai yau matata ta gaya mini kallona yana ɗaga wa mutane hankali.

To na tashi. Na haye gada zuwa Duyong, wurin Kiat. Ni da Boon Kiat benci ɗaya muka zauna a firamare, shi yana kwafar lissafina, ni ina cinye masa abincin tara. Yanzu dillalin ƙananan jiragen shan iska ne masu inji. Yana da matsayar jirage ta katako a bakin kogi, yana da tumbi kuma.

Yana hango ni ya ce, "Zaimi! Saye ka zo ko shafa su za ka yi kamar kullum?" Sannan ya jefo tambayarsa, wadda ya ce ita yake fara yi wa kowa kafin a kai ga launi ko farashi: "Mutum nawa za su hau?"

Bara da muka zo ni da Mazni, kafin ya rufe baki na ce biyu. Yau na ce masa ana zafi. Ya dube ni, ya dubi kogi, ya zuba mini kofi.

Jirage biyu ne suka rage masa kafin damina. Ɗaya fari ne siriri, injinsa rataye a baya, kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa, ba ɗaki ba rumfa, gudu kawai. Shi muka zaɓa bara. Ɗayan shuɗi ne mai faɗin ciki, injin dizal a ƙarƙashin daɓensa, da ɗan ɗaki mai gado da makewayi, an kewaye shi da shingen ƙarfe har ƙugu. Bara ko kallonsa ba mu yi ba. Yau ma ban kalle shi sosai ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan magariba

Mok ta iso daga Besut da jaka biyu da tukunyarta, wai tukwanen gidanmu ba sa jin magana. Uwar Mazni ce, amma ta sauka a gidana kamar wadda ta zo karɓar mulki. Kafin na dawo daga shago ta tattara guduma da ƙusoshi da ƙugiyoyin kamun kifina, ta zuba a kwali ta kai gidan maƙwabta. Na zo sa takalmi zan koma asibiti, na tarar babu igiya ko ɗaya.

Na ce, "Mok, ina igiyoyin takalmana?"

Ta ce, "Suna wurina. Mutumin da matarsa ke ɗauke da ciki ba ya buga ƙusa, ba ya saka ƙugiya, ba ya ƙulla komai. Duk ƙullin da ka yi, a jikinta kake yin sa."

Ita ta faɗi kalmar, ba ni ba. Ni dai abin da ta ce na rubuta.

Na ce, "Haba Mok, camfi ne wannan. To zanin da nake zuwa masallaci da shi fa? In tafi haka nan?"

"Zani naɗe shi ake yi, ba ƙullawa ba. Kada ka raina mini hankali, na girmi zanin."

Na tafi asibiti da silifas kamar mai zuwa wanka. Mazni ta yi dariya har nas ta leƙo ta ce a daina sa ta motsi da yawa.

Laraba, 22 ga Oktoba, da hantsi

Mazni ta ci rabin abincinta. Likita ta ce kowace rana riba ce.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan la'asar

Bayan an sauko daga masallaci Kiat ya fita da ni a farin. Ya ce sayen jirgi a ɗaure cinikin biri a sama ne. Muka bi kogi a hankali har muka wuce bakinsa, yana ganin teku ya buɗe wa injin wuta. Hancin jirgin ya ɗaga sama, hulata ta kama hanyar tsibirin Redang ba tare da ni ba. Wallahi akwai daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Iska ta cika mini baki, na ɗan jima ban tuna bene na huɗu inda Mazni ke kwance ba, da na tuna kuma sai kunya ta kama ni.

Ya ba ni sitiyari. Mai sauƙin kai ne, ka taɓa kaɗan ya juya. Amma duk raƙumin ruwan da muka hau sai ya doka ƙasa, ƙashin bayana ya amsa. Gefensa kuma bai kai gwiwata ba. Na tsinci kaina ina auna shi da tafin hannu. Kiat ya gani, ya kau da kai.

Bara, ranar da muka zaɓe shi, Mazni ce ta ce, "Shi ke nan Abang, mun haƙura da haihuwa. Mu sayi abin da za mu riƙa wanke wa jiki muna yi masa faɗa." Muka yi dariya a kan matsayar nan, muka koma mota muka nufi gida. Muna cikin shirin sayen kuma sai ga wannan lamari, ita ta haura arba'in, ni furfura ta gama da gemuna.

Da muka dawo Kiat ya ce, "To?" Na ce yana shan mai da yawa. Ya ce, "Kai ma kana shan kofina da yawa, na kore ka?"

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan azahar

Na kai wa Mazni rahoto. Daga ɗakinsu ana hango teku ta taga, amma an hana ta tashi, don haka ni ne idonta. Na nuna mata hotuna a waya. Nan take ta raɗa musu suna, farin Tsinke, shuɗin kuwa Baho.

"Dubi cikinsa, Abang. Wannan ai wanki za a yi a ciki."

Ta tambaye ni wanne na fi so. Na ce kowanne da nasa. Ta ce amsar mai shago ke nan, haka nake gaya wa tsofaffi in sun riƙe tabarau biyu.

"Ka gwada Bahon?"

"A'a."

"Me ya hana?"

"Mummuna ne."

Ta ɗaga bargo ta nuna mini ƙafafunta da suka kumbura. "Ni ma yanzu haka nake, ga shi kullum kana zuwa."

Sannan ta kama hannuna ta ɗora a inda take so. Na ji. Motsi ne. Sau biyun can ma mun ji, amma duka biyun muka rasa su.

Talata, 28 ga Oktoba, da magariba

Yau ba a bar ni na daɗe ba. An ƙara mata wata roba a hannu. An yi mini bayani, ban riƙe ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da hantsi

Kiat ya ce in zo da sassafe kafin kowa ya taɓa Baho, wai injin da ya kwana ba ya ƙarya. Ya murza makulli, ya tashi a bugu ɗaya, ya ɗan yi tari, hayaƙin ya washe. Muka ɗaga daɓe muka leƙa ƙasa, ba ruwa ba ɗigon mai. Ya miƙo mini 'yar guduma in ƙwanƙwasa jikin jirgin in ji ko akwai inda ruwa ya ci. Na ce hannuna ya isa.

Ya dubi hannuna, ya dubi silifas ɗina, ya tuntsire da dariya. "Surukarka ta iso ke nan!" Ashe su ma haka kakarsa ta yi wa babansa, ko gado ba a bar shi ya matsar ba.

Muka fita. Baho ba ya sauri, tafiya yake kamar tsohuwar da ta ci ta ƙoshi. Na ajiye kofin kofi a gaban sitiyari, muka je bakin teku muka dawo bai zube ba. Rumfarsa ta rufe mu daga rana. Kiat ya ce cikinsa ba ya nutsewa sosai, za a iya kai shi har yashin tsibirin Kapas mutum ya sauka ruwa iya gwiwa. Na jingina da shingen da dukkan nauyina, ko gezau. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, wannan jirgi an yi shi ne don mutanen da ba sa gaggawa.

Na shiga ɗakin ina buɗe akwatunan da ke ƙarƙashin gado, don in ji ko akwai warin ruma. A na ƙarshe na tarar da rigar ceto 'yar ƙarama, ruwan lemo, da hoton agwagwa da ya koɗe a ƙirji. Ta mai jirgin na da ce, ya manta. Na rufe akwatin na fito na ce wa Kiat makewayin ya yi ƙunci.

Ga abin da ya sa nake rubutu tun da hantsi. Da muka dawo wayarsa ta yi ƙara, ya jefa igiyar gaba a kan turke ya yi mata wani ɗaurin ganin dama, ya tafi yana magana. Ni kuwa ɗan masunci ne. Babana bai bar mini gida ko gona ba, ƙulli ya bar mini, wanda ba ya zamewa ko jirgi ya kwana yana fizga. Ganin ɗaurin banza yana ci mini rai kamar ganin tabarau a karkace a fuskar mutum. Na durƙusa na warware na Kiat na yi nawa. Sai da na ja na ji ya kama sannan na tuna.

Na tsaya ina kallon hannuna. Sannan na ce kai Zaimi, ka ji ka da wata magana, igiyar jirgin wani ce, ina ruwanta da bene na huɗu? Na bar shi a haka. Ban gaya wa Mok ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je maƙabarta wurin su biyun bayan sallah. Ciyawa ta rufe ƙananan duwatsun, na cire da hannu. Ban daɗe ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan magariba

Kiat ya zo shago wai a gwada masa ido. Ƙarya yake, idonsa ya fi nawa. Yana zaune a kujerar gwaji ya ce wani mutum daga Kuantan yana son jirgi ɗaya, duk wanda na bari zai ɗauka. Ranar Talatar mako mai zuwa kuma motar ƙugiya za ta zo ta ɗaga abin da ya rage ta ajiye a tudu, don iskar damina ta fara juyowa.

"Ba matsa maka nake ba," in ji shi. "Mutum nawa, Zaimi?"

Na ce ya karanta layin ƙasa. Ya karanta tsaf, har da sunan waɗanda suka buga allon.

Bari in faɗa a nan tunda ba mai ji. In na ce Baho, na faɗa da bakina ke nan cewa za mu zama uku. Sau biyu ina faɗa da bakina. Na farko na sayo gadon lilo, na biyu na shafe ɗaki guda da fenti ruwan ƙwai, har yau ɗakin a kulle yake, makullin yana aljihuna. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. In kuma na ce Tsinke, na fid da rai ke nan tun Allah bai yanke ba. To wanne zan ce?

Laraba, 5 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na kai wa Mazni nasi dagang, shinkafa da miyar kifi, daga wurin matar da take so, a ɓoye, don an hana ta gishiri. Ta shinshina kawai ta ce in ci ta kalla. Ina ci ta ce, "Abang, zan faɗi magana, kada ka yi wannan fuskar."

Na ce wace fuska.

"Ita ɗin nan. In ban fito daga nan ba, kada ka sayi Tsinke. Ɗaya kujerar za ta riƙa kallonka."

Na ajiye abincin. Na ce wannan wace irin maganar banza ce da rana tsaka, mutum yana kwance ba shi da aiki sai saƙa da warwara. Na ɗaga murya har matar gado na kusa ta ja labulenta. Mazni ba ta mayar mini ba. Ta ce, "Ka gama? To ɗauki shinkafarka, tana hucewa."

Na fito na zauna a mota. Tsoro nake ji. Ba na jirgi ba, ba na Kiat ba. Tsoron rasa ta nake ji.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, bayan isha'i

Ruwa ya sauko tun azahar, irin na damina sosai, mai zuwa a kwance. Ni da Mok muka ci abinci mu biyu, ta dafa kifi da miyar tsamiya a tukunyarta mai jin magana. Na lura ko ɗankwalinta ba ta ƙulla ba, yafawa kawai ta yi.

Na ce, "Mok, tsakaninki da Allah, kin yarda igiyar takalmina tana da iko a kan wani abu?"

Ta ci gaba da cire ƙaya daga kifi. Ta ce, "Iko na Allah ne, ka ji na taɓa cewa na igiya ne? Haka uwata ta yi wa mijina, haka aka yi wa mijinta. Mace tana can tana fama, namiji yana nan da hannu biyu ba abin yi. In ba a ba hannun abin kiyayewa ba, sai ya koma yana cin mai shi." Ta tura mini kifin da ta gyara. "Ci. Ka rame kamar Tsinken naku."

Ashe Mazni tana ba ta labari. Na so in gaya mata maganar ƙullin, sai na ci gaba da cin kifina.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Ruwa. Jinin Mazni ya hau, ya sauka, ya hau. Ruwa.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Jiya ban rubuta ba. Bari in bi shi daki-daki, hannuna yana ciwo.

Bayan sallar asuba aka kira daga asibiti, abin ya taso, kuma lokacinsa bai yi ba. Kafin na nemo makullin mota Mok ta buɗe gidan gaba ɗaya. Ƙofofi, tagogi, durowa, murfin kowace tukunya, ta kwance labule, ruwa yana feso mana har tsakar ɗaki. Ta je ta tsaya a ƙofar ɗaki mai ruwan ƙwai ta miƙo hannu. Na ba ta makullin. Ban shiga ba.

Muka zauna a bencin asibiti har wajen azahar. Likita ta fito ta ce abin ya tsaya, ba gaba ba baya, jinin Mazni kuma ya hau, za su yi mata aiki yanzu. Na sa hannu inda aka nuna mini. Da aka turo ta za a wuce, ta ɗaga mini yatsu daga ƙarƙashin bargo. Tabarauna ya yi hazo, ban ga ko nawa ba ne. Ƙofa ta rufe.

Mok ta ce, "Zaimi, dube ni. Ka ƙulla wani abu?"

Na ce a'a. Ta ci gaba da kallona.

Na ce, "Igiyar jirgi ce, Mok. Ba ma nawa ba ne."

Na zaci za ta tara mini jama'a. A hankali ta ce, "Nan ba abin da za ka yi mata sai addu'a, ita kuma ana yin ta a mota. Je ka kwance. Kwancewa na ce, ban ce yankewa ba."

Allah Ya sani, na san ba igiya ce ke riƙe da ran kowa ba. Na faɗi haka a kan gada, na yi istigfari, na ƙara taka mota.

Ba kowa a matsaya. Ruwa ya hana motar ƙugiya zuwa, Kiat da mutanensa sun watse, amma tun safe sun cire igiyar baya don shirin ɗagawa. Ƙullina kaɗai ke riƙe da Baho. Kogi ya cika ya yi ja, yana tafe da kututture da ganyen kwakwa, yana jan jirgin har igiyar ta miƙe kamar ƙarfe. Ƙullin babana da babban yatsa ɗaya ake buɗe shi, amma sai igiya ta saki. Na kama da hannu ɗaya ina jawo jirgin, ɗayan yana tonon ƙullin. Ya sha ruwa ya kumbura. Silifas ɗaya ya tafi. Farcena ya ɓalle, na sa haƙori. Ina ja ina kiran sunan Allah ina kiran sunanta, ban san wanne na fi kira ba.

Ya buɗe.

Sai ga ni tsaye riƙe da jirgi guda a hannu, kogi yana ja, kuma ba halin in sake ɗaurewa. Wannan ban yi tunaninsa a mota ba. Ya ja ni har ƙarshen katako, na ga in ban saki ba zan bi ruwa, in na saki jirgin Kiat ya tafi teku. Na yi tsalle na faɗa ciki.

Ba makulli. Ya daki turken ƙarshe da gefe, na ji ƙarar har cikin haƙorina, ya juya ya kama hanya a karkace. Muka wuce gidajen bakin ruwa, wata mata ta leƙo ta taga ta ƙwala mini kira yadda ake kiran dattawa, "Pok Cik, ina zuwa cikin ruwan nan?" Na ce mata ban sani ba. Can ƙasa kogin ya yi kwana, ya tura mu cikin laka da itatuwan bakin ruwa, Baho ya zauna daram kamar dama can ya nufa.

Na shiga ɗakin don ruwa. Dukan da ya sha ya buɗe akwatunan, rigar mai agwagwa tana ƙasa. Na ɗauka don kada ta jiƙe, sai na kasa ajiyewa. Ina nan zaune da ita a cinya waya ta yi ƙara.

Mok ce. Ta ce, "Mace ce. 'Yar mitsitsiya, amma bakinta ya fi na uwarta. Sun sa ta a kwalba."

Na ce, "Mazni fa?"

"Likita ta ce ta tsallake. Barci take."

Na yi kukan da ban yi ba sau biyun can, da ƙarfi, baki buɗe, ba mai ji sai ruwan sama. Da na gama na kira Kiat na ce jirginsa yana cikin laka a ƙasan kwana.

"Wane ɗan iskan ne ya kwance shi?"

"Ni ne."

Ya ce, "Zaimi, ka sha wani abu ne?"

"An sauka lafiya, Kiat."

Na ji yana jan hanci. Ya ce, "Zauna nan. Kada ka ɗaure komai, kada ka kwance komai, kada ka taɓa komai. Ga ni nan."

Alhamis, 13 ga Nuwamba, bayan azahar

Na gan ta ta gilashi. Tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba. Tana barci da hannu a dunƙule kamar mai shirin rigima.

Mazni ta farka sosai. Mok ta riga ta ba ta labari, da ƙari. Tana ganina ta ce, "Sannu da zuwa, matuƙi. Ni ina can ana yanka ni, mijina ya tafi yawon shan iska." Ta fara dariya, ɗinkin ya kama ta, ta riƙe ciki tana cewa in fita in fita.

Ban fita ba. Na tambaye ta yatsu nawa ta ɗaga mini. Ta ce, "Kai ne mai gwajin ido, ni za ka tambaya?"

Na kuma tambayi Mok daidai wane lokaci aka ji kukan, kafin in kwance ne ko bayan. Ta ce, "Awo za ka yi? Ban duba agogo ba, ko na duba ma ba zan gaya maka ba." Likita da wuƙarta ne, da ikon Allah. Na san haka. Ban sake tambaya ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, bayan la'asar

An jawo Baho daga laka, an ɗora shi a tudu. Gefensa ya tsage tsawon hannuna. Kiat ya zagaya shi yana tsaki, ya ce wanda ya fasa shi ya saya, kuma tun da yake dillanci bai taɓa ganin wanda ya zaɓi jirgi ta hanyar sace shi ba. Mutumin Kuantan ya tafi da Tsinke. Na ga ana ɗaure shi a bayan mota, na ɗaga masa hannu, ban ji komai ba.

A gida Mok ta dawo da kwalin daga maƙwabta, ta miƙo mini igiyoyin takalmana a naɗe. Na ce ta riƙe tukuna, sai an fito daga kwalba.

Ta ce, "Haba Zaimi, camfi ne wannan. An riga an haihu."

Na ce na ji, ta riƙe dai.

Talata, 25 ga Nuwamba, da magariba

An cire mata robar hanci. Ta kama nono. Ruwa bai ɗauke ba.

Alhamis, 4 ga Disamba, bayan azahar

An sallame su. Na ɗaure takalmina.

Asabar, 6 ga Disamba, bayan la'asar

Fentin ɗakin ya ɗan koɗe ta wajen taga, gadon lilon kuma yana ƙara, na sa masa mai. Mok ta naɗe Mazni da zani tun daga ƙirji har ƙugu, ta hana ta ruwan sanyi, suna ta faɗa ƙasa-ƙasa. Gidan yana warin citta da man shafawa.

Kiat ya zo barka. Ya cire takalmi a ƙofa, ya shigo da tumbinsa a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai. Ya ce an gama gyaran gefen Baho, in damina ta wuce za a mayar da shi ruwa, kuma shi da kansa zai riƙa ɗaurewa. Sannan ya buɗe leda ya fito da rigar mai agwagwa, an wanke ta tas. Ya shimfiɗa ta kusa da gadon. Duk jikin mai gadon zai shige ta hannun rigar guda.

Mazni ta ce, "Sai nan da shekara uku."

Na ce muna nan.

Kiat ya gyara tsayuwa, ya ɗaure fuska irin ta dillalai. Ya kira cikakken sunana da girmamawa irin ta ciniki, ya ce, "Encik Rozaimi, ka sayi jirgi a wurina ba ka amsa tambayata ba. Ni ba na ciniki haka. Mutum nawa za su hau?"

Mazni tana kallona. Na cire tabarau na goge na mayar.

Na ce, "Uku. Ni, da matata, da 'yata."

Bakina ne ya faɗa, da ƙarfi, a cikin ɗakin nan, rufin gida kuma bai faɗo ba. 'Yata. Ga shi na rubuta ma.

Daga kicin Mok ta ɗaga murya. "Huɗu! Ni a bakin ruwa za ku bar ni?"

Kiat ya ce Baho zai ɗauka.